Yadda Za Ka Ƙirƙiri Harshenka: Sauti, Nahawu da Rubutu

Duk wanda ya taso a ƙasar Hausa ya san zaurance: a ɗauki kalma a cusa mata wata gaɓa, ko a juya gaɓoɓinta, don kada na gefe ya gane abin da ake faɗa. Wasa ne mai daɗi, amma Hausa ce ta sake riga, kuma da zarar an gano dabarar asiri ya tonu. Ƙirƙirar harshe ta wuce nan nesa. Kai za ka zaɓi sautukansa, ka shimfiɗa masa nahawu, ka sassaƙa masa kalmomi, in ka so kuma ka zana masa haruffan da ba wanda ya taɓa gani.

Mutane sun daɗe suna wannan aiki. A 1887 wani likitan ido a birnin Warso, L. L. Zamenhof, ya fitar da Esperanto da fatan ya zama harshen da zai haɗa al'ummu. A Kamaru, Sarkin Bamun Ibrahim Njoya ya ƙago rubutu wajen 1896, daga baya kuma ya ƙirƙiri harshen fada mai suna Shumom. A 2001 Sonja Lang ta fito da Toki Pona, wanda kalmominsa na asali ba su wuce 120 da 'yan kai ba. Kowannensu da abin da ya sa a gaba, kuma wannan niyyar ce ta yanke masa shawara a kowane mataki.

Zan riƙa kawo misali da wani ɗan ƙaramin harshe da na tsara don wannan jagora, sunansa Selo.

Mataki na farko: san abin da kake so da shi

Buɗe sabon littafi, ka rubuta jimla ɗaya a shafin farko: me ya sa nake yin wannan harshe? Idan na rubuta sirrinka ne, kana bukatar abin da ke rubutuwa da sauri. Idan na wata al'umma ce a cikin labarin da kake rubutawa, sai ka san inda take zaune, abin da take ci, da wanda take girmamawa, domin kalmominta daga nan za su fito. Idan kuwa daɗin sauti kake bi, kunnenka ne alƙali. Selo na rubuta abubuwan yau da kullum ne, saboda haka duk inda hanya ta rabu biyu zan bi mai sauƙi.

Mataki na biyu: sauti kafin harafi

Yawancin masu farawa zanen haruffa ne ke fara jan hankalinsu, domin shi ne mai ban sha'awa. Ka daure ka jinkirta shi. Harafi alama ce ta sauti, kuma ba za ka san yawan alamomin da kake bukata ba sai ka san yawan sautukan.

Zaɓi baƙaƙe da wasula. Ba dole su yi yawa ba: harshen mutanen Hawai baƙaƙe 8 gare shi da wasula 5, kuma ana waƙa da shi ana koyarwa. Abin da ke ba harshe kamanninsa shi ne abin da ka hana shi, fiye da abin da ka ba shi. Selo yana da baƙaƙe 10: b, t, d, k, m, n, s, l, w, y. Wasulansa 4 ne: a, e, i, o. Babu r, babu f, babu u, babu masu ƙugiya irin ɓ, ɗ, ƙ. In kana son su ka saka, amma ka sani kunnen Bahaushe zai ji ƙanshin gida nan take.

Sai tsarin gaɓa, wanda ya fi jerin sautukan tasiri. Hausa ba ta fara kalma da cunkoson baƙaƙe irin na Turanci, shi ya sa muka ce burodi, muka ce sukudireba. Dokar Selo ita ce: baƙi da wasali, sannan n kaɗai ke iya rufe gaɓa, wasali shi kaɗai yana tsayawa ne a farkon kalma kawai. Yi lissafi ka gani ko dokar ta ba ka isasshen fili. Baƙaƙe 10 sau wasula 4 sun ba da gaɓoɓi 40, kuma 40 sau 40 sun ba da kalmomi 1,600 masu gaɓa biyu, tun ba a taɓa masu n ko masu gaɓa uku ba. Ya wadatar.

Akwai tambayoyi biyu da mai jin Hausa ya kamata ya amsa da gangan, domin bakinsa zai amsa masa su ba da saninsa ba: tsawon wasali da karin sauti. Garin da ake zama a ciki da garin da ake tuwo da shi rubutunsu ɗaya a boko, tsawon wasali ne ya raba su. Idan harshenka zai yi irin wannan bambanci, wajibi ne rubutunsa ya nuna shi, domin ba ka da jama'ar da za ta tuna maka yadda ake furta kalmar bayan wata shida. Selo bai da ko ɗaya; ana dai ɗan danna gaɓar farko ta kowace kalma.

Ƙara dokar naso, wato yadda sauti ke sauyawa saboda na kusa da shi, ko da guda ce, don harshen ya zauna a baki. A Hausa muna rubuta gidan bene amma gidam bene muke faɗa. Selo ma haka: n tana komawa m a gaban b.

A yanzu riƙa rubuta komai da boko, harafi ɗaya sauti ɗaya.

Mataki na uku: ƙashin bayan jimla

Nan ne aikin yake, kuma nan ne aka fi faɗawa tarko. Tarkon shi ne ka ɗauki jimlar Hausa ko ta Turanci ka musanya kowace kalma da sabuwa. Maganinsa ka tsaya a kan kowace doka ta Hausa ka tambayi kanka: na riƙe ta don ina so, ko don ban san akwai wata hanya ba?

Fara da jerin aikau (mai yin aiki), aikatau (kalmar aikin) da karɓau (wanda aikin ya faɗa wa). Hausa aikau take sa wa a gaba, sai aikatau, sai karɓau: yaro ya sha ruwa. Kanuri da Turkanci da Japananci aikatau suke kai wa ƙarshe. Larabcin littafi yakan fara da aikatau. Selo ya bi sahun Kanuri.

Wannan zaɓi yana jan wasu a bayansa. Harsunan da ke ajiye aikatau a ƙarshe galibi sukan sa mai abu kafin abinsa, kuma kalmomi irin su a, zuwa, daga sukan biyo bayan suna maimakon su gabace shi. Ba farilla ba ce, amma idan ka bi wannan ɗabi'a harshen zai fi tafiya sumul.

Sai ka yanke yadda kalma za ta ɗauki ƙarin ma'ana. Hanyoyi uku ne sanannu. Ko kalmar ta zauna yadda take, ƙananan kalmomi su yi aikin a gefenta, kamar Sinanci. Ko a riƙa jera ɗafi bayan ɗafi, wato ƙananan yankunan da ake liƙa wa kalma, kowanne da aikinsa guda, kamar Turkanci: ev gida, evler gidaje, evlerim gidajena, evlerimde a gidajena. Ko a sauya cikin kalmar kamar Larabci, inda baƙaƙen k-t-b suka haifi kataba, kitab, katib da maktab. Ga mai farawa ta biyun ta fi, domin kana ganin kowane yanki da idonka. Ta ukun tana da kyau matuƙa, amma tana neman haƙuri mai yawa.

Ga kalmomin da za mu gwada da su: kona yaro, dalo gida, wesi ruwa, soko sha, bile gani, dewa tafiya.

Suna. Hausa tana raba kowane suna tilo zuwa namiji ko mace, har rana da wata. Kanuri da Yarabanci ba ruwansu da wannan. Fulfulde kuwa azuzuwan suna gare ta sama da 20. Selo ba shi da jinsi. Jam'i kuma, wanda a Hausa ya kasu gida-gida (gidaje, motoci, yara, littattafai), a Selo n ce kawai a ƙarshe: kona, konan; dalo, dalon. Lura da abin da wannan ya jawo: tunda n ta ƙarshe ta zama alamar jam'i, ba sunan da zai ƙare da n a tilonsa. Koma shafin sauti ka rubuta wannan doka. Haka aikin yake, gaba da baya.

Tunda aikau da karɓau za su zauna kusa da juna, gara a yi wa karɓau alama. Selo yana ɗafa masa -ye.

Wakilin suna. Mi ni, ta kai ko ke, lo shi ko ita. Jam'insu min, tan, lon. Na ara wani abu daga Fulfulde wanda Hausa ba ta da shi: bambanci tsakanin mu da ya haɗa da wanda ake yi wa magana da mu da bai haɗa da shi ba. Min mu ne ban da kai, minta mu ne har da kai. Wanda aka taɓa ce wa za mu ci abinci ya rasa ko yana ciki ya san amfanin wannan.

Aikatau. A Hausa lokaci ba a jikin aikatau yake ba, yana kan lamirin da ke gabansa: ya sha, zai sha, yakan sha. Kunnenka ya saba da wannan har za ka ɗauka dole ne. A Selo lokaci ɗafa-ƙeya ne: -do shuɗaɗɗe, -ka mai zuwa, -li sabau, mai ci kuma ba shi da alama. Korewa kalma ɗaya ce, ben, bayan aikatau, maimakon ba biyun da Hausa ke kewaye magana da su. Tambaya kuma wo ce a ƙarshen jimla.

Yanzu a gwada:

Kona wesiye sokodo. Yaro ya sha ruwa.
Konan wesiye sokoka ben. Yara ba za su sha ruwa ba.
Ta daloye biledo wo? Ka ga gida?

Mallaka tana bukatar mahaɗi, kamar -n da -r na gidan Audu da motar Audu. A Selo si ne, kuma mai abu ne a gaba: mi si dalo gidana, ta si dalo gidanka. Zuwa kuma te ce, tana bin suna. Saboda haka zan tafi gidanka ya zama: Mi ta si dalo te dewaka.

Kada ka tsaya a gajerun jimloli, domin ba sa tona aibin nahawu. Gwada wannan: na ga yaron da ya sha ruwa. A tsarin Selo bayanin yana zuwa kafin sunan da yake bayyanawa, sai a samu Mi wesiye sokodo konaye biledo. Karanta kalmomi ukun farko: Mi wesiye sokodo, wato na sha ruwa. Mai sauraro ya riga ya ɗauki wata ma'ana kafin ya ji sauran. Gyaransa ƙaramin ɗafi ne, -ni, da ke nuna aikatau ɗin bayani yake yi: Mi wesiye sokodoni konaye biledo. Irin wannan matsala ba ta bayyana a jadawali, sai a jimlar da kake son faɗa da gaske. Saboda haka jera wa kanka jimloli masu wuya tun da wuri: sharaɗi (in ka zo zan tafi), kwatanci (Audu ya fi Bala tsawo), umurni, dalili, maganar wani a bakin wani (ta ce ba za ta zo ba). Kowace za ta tilasta maka yanke wata shawara.

Mataki na huɗu: kalmomi

Kafin ka ƙirƙiri saiwa dubu, ƙirƙiri hanyoyin da saiwa ɗaya za ta haifi 'ya'ya. Dubi Hausa: saya, sayo, saye, sayar, sayu, duk daga tushe guda, ga kuma ma- da ke ba da mashayi da mashaya. Selo yana da -ma na mai aikatawa, o- na wurin aiki, da -be na sa wani ya aikata: sokoma mashayi, osoko mashaya, sokobe shayarwa. Da wannan -be ɗin, bile gani ya haifi bilebe nunawa, ba sai an ƙago sabuwar kalma ba. Rubuta jerin ɗafe-ɗafen: saiwa, sai -be, sai lokaci, sai -ni.

Don kalmomin farko, jerin Swadesh zai taimaka: kalmomi 100 ne na asali da masanin harshe Morris Swadesh ya tsara, irin su ruwa, wuta, ido, jini, rana, mutuwa. Ka ba kalmomin da ake yawan faɗa gajerun siffofi.

Hattara da fassara ɗaya-da-ɗaya. Bahaushe yana cin abinci, ya ci kasuwa, ya ci jarrabawa, ya ci amana. Yana shan ruwa, ya sha iska, ya sha wahala. Idan soko ɗinka ya yi duk ayyukan sha, Hausa ka sake rubutawa. Raba ma'anonin ta wata hanya dabam: wataƙila a harshenka ɗaukar wahala ake yi, wataƙila kalma ɗaya ce ta ci da sha. Haka dangantaka: mu mun raba wa da ƙane, kawu da baffa, kai za ka iya rabawa fiye da haka ko ƙasa da haka, gwargwadon mutanen da kake hasashe.

Kalmomin aro su bi dokar sautinka ba sani ba sabo. Makaranta a Selo makalanta ce, kwamfuta kuma konbota, a furta kombota.

Mataki na biyar: rubutu

Yanzu ka san sautukanka da gaɓoɓinka, sai ka zaɓi irin rubutun da ya dace da su.

Akwai mai ba kowane baƙi da kowane wasali harafinsa, kamar boko, da N'Ko da Solomana Kante ya ƙago a 1949, da Adlam mai haruffa 28 da 'yan'uwa biyu, Ibrahima da Abdoulaye Barry, suka ƙago wa Fulfulde a Gini a ƙarshen shekarun 1980. Akwai mai rubuta baƙaƙe ya bar gajerun wasula ga alamomin sama da ƙasa, kamar Larabci da ajaminmu. Akwai mai ba kowace gaɓa alama guda, kamar rubutun Vai na Laberiya da ya fito a shekarun 1830 da alamomi wajen 200. Akwai wanda siffar baƙi ke ɗan sauyawa gwargwadon wasalin da ke biye da ita, kamar rubutun Habasha. Sai mai ba kowace kalma hotonta.

Na ƙarshen nan yana da jan hankali, amma dubi abin da ya faru a Fumban, babban birnin Bamun. Rubutun Sarki Njoya ya fara da alamomi kusan 500, da yawansu hotuna ne. Ya yi ta gyara yana ragewa, har zuwa wajen 1910 ya tsaya a kan alamomin gaɓa 80. Sarki ne mai fadawa da marubuta, duk da haka amfani na yau da kullum ya tura shi ga sauƙi.

Tsarin gaɓarka ne zai nuna maka hanya. Rubutun gaɓa zai yi wa Selo, alamomi 45 ne kacal: 40 na baƙi da wasali, 4 na wasula zalla, 1 na n mai rufe gaɓa. Amma salon Habasha ya fi arha. Siffofi 10 na baƙaƙe, kowace a karanta ta da a idan ba a taɓa ta ba. Alamomi 3 na e, i, o. Sanda 1 mai ɗaukar wasalin farkon kalma. Ɗigo 1 na n. Jimilla 15. Da harshen yana da cunkoson baƙaƙe, da haruffa ɗai-ɗai sun fi masa.

Wajen zanen, fara da abin da za ka riƙa rubutu da shi. Alƙalamin kara da tawada suna ba da layi mai kauri da siriri, kamar yadda ake gani a allon makaranta. Biro layi ɗaya yake bayarwa. Abin da ake karcewa a dutse kuwa yakan zo da miƙaƙƙun layuka, da'ira da ɗigo, kamar Tifinag na Buzaye. Zaɓi motsin hannu uku ko huɗu, misali sanda, ƙugiya, da'ira da lanƙwasa, ka gina dukkan haruffan da su, don su yi kama da 'yan gida ɗaya.

Kana iya sa siffa ta nuna dangantakar sauti. Haka aka yi a rubutun Koriya da Sarki Sejong ya ƙaddamar a 1446: siffar wasu baƙaƙen tana kwaikwayon yadda harshe ko leɓe ke zama wajen furta su, sauti mai kama da wani kuma a ƙara masa layi. A Selo t da d siffarsu ɗaya, d tana da ƙarin ƙugiya. B da m ma haka. Sai dai kada kamar ta yi yawa. Haruffan da juyi kaɗai ya raba su, irin b da d na boko, suna wahalar da mai koyo, haka waɗanda ɗigo kaɗai ya raba idan hannu na sauri.

Ga gwajin da ban yarda a tsallake ba. Rubuta jimla guda sau 20, kana ƙara sauri kowane karo. Duk harafin da ya rikiɗe ya koma kamar wani, sake shi. Duk wanda ya ci motsi sama da uku, rage shi. Siffar da hannunka ya kai shi da kansa a layi na 20 ita ce ta gaskiya. Ajiye takardar mako guda, sannan ka karanta ba tare da duba jadawali ba.

Kada ka manta da ƙananan abubuwa: daga ina rubutu ke farawa, dama ko hagu, me ke raba kalma da kalma, alamar ƙarshen jimla, lambobi. Selo ba ya bukatar alamar tambaya tunda wo tana nan. Manya da ƙananan haruffa ma ba dole ba ne, ajami bai da su.

Mataki na shida: yi amfani da shi

Riƙa rubuta layi biyar kullum a kan abin da ya faru da kai, ko jerin cefane, ko saƙon da za ka aika wa ƙanwarka. Duk inda ka maƙale, ka gano kalma ko dokar da ta rage. Fassara tatsuniya gajera, ka ga yadda harshenka zai buɗe ta ya rufe ta. Karanta da ƙarfi, ka ɗauki muryarka a waya ka saurara.

A nan za ka ji wasu kalmomi sun fara gajarcewa a bakinka. Bar su. Haka za ni ya zama zan, za ya ya zama zai. Idan dewado, wato ya tafi, ya koma dedo saboda yawan faɗa, ka sami aikatau mai karya doka ta hanyar da harsunan duniya ke samun nasu. Wannan ya fi ka zauna ka ƙirƙiri karya doka da gangan.

Riƙe littattafai biyu, na nahawu da na ƙamus. Kowace kalma a rubuta ajinta, ma'anarta, da jimlar misali. Kowace doka da ka sauya a sa mata kwanan wata, tsohuwar kuma a ja mata layi kada a goge, domin rubuce-rubucenka na baya da ita aka yi su.

Mataki na bakwai: shigar da shi kwamfuta

Wannan sai haruffan sun daina sauyawa. Zana su da baƙar tawada a farar takarda, ka ɗauki hoto, ka bi layukansu a manhajar FontForge, wadda kyauta ce. Hanya mafi sauƙi ita ce ka ɗora kowace siffa a gurbin harafin boko, yadda in ka danna k siffarka za ta fito. Hanya ta biyu, Unicode, tsarin da ke ba kowane harafi lambarsa a kwamfuta, ya ware gurabe 6,400, daga E000 zuwa F8FF, don amfanin ƙashin kai. Sai ka tsara allon bugawa da manhajar Keyman. Idan rubutunka daga dama yake farawa ka shirya wa wahala, domin kwamfuta tana ɗaukar waɗannan guraben a matsayin masu tafiya daga hagu. N'Ko da Adlam sun tsira daga wannan ne saboda an ba su gurabensu a Unicode, na farko a 2006, na biyu a 2016, bayan dubban mutane sun riga sun rungume su.

Duk wanda ka tura wa rubutu sai ya sa haruffanka a na'urarsa kafin ya gan su daidai. In ba haka ba boko zai gani ko akwatuna. Idan nuna wa mutane kawai kake so, tura hoto ko PDF, ka haɗa da rubutun boko a ƙasan kowane layi da fassararsa.